Salsalar Ƙwayar Cuta: Bin Sawun Annoba Daga Ungogo Zuwa Ƙetare

Daga Wakilinmu a Kano

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ake yi idan gari ya waye aka tarar an kwance wa mutum saniya. Kafin a kai ƙara wurin mai unguwa, kafin ma a fara zargin kowa, sai a hana yara tattake bakin turke, a aika a kira wanda ya iya bin sawu. Shi ne zai durƙusa ya dubi ƙasa, ya ce mutum biyu ne, ta gabas suka shigo, arewa suka nufa, ɗayansu kuma yana ɗingishi. Amma idan aka yi sakaci har rana ta take, dabbobi suka fita kiwo, iska ta taso, to, sawu ya ɓace ke nan. Abin da ya rage sai zato da zargi, maƙwabci ya yi ta harar maƙwabcinsa shekara da shekaru.

Annobar da ke bin numfashi, irin su mura da korona, ita ma tana barin sawu. Sai dai ba a ƙasa take barinsa ba, a cikin ƙwayar cutar kanta yake, masanan wannan zamani kuwa suna da na'urar karanta shi. Sau biyu cikin shekara goma sha huɗu irin wannan annoba ta auka wa Kano da ƙauyukan da ke kewaye da ita har duniya ta ji labari, watau ta kaji a 2006 da ta mutane a 2020. Abin mamaki, abin takaici kuma, shi ne labarin kajin ya fi na mutanen cika. An san dangin cutar da ta kashe kajin, an san ba sau ɗaya ta shigo ba, an kuma san wuraren da ta yi sansani. Mutanen da aka binne a watan Afrilu na 2020 kuwa, yawancinsu sun tafi da sawun cikin kabari.

Wannan magana ta shafi Ƙaramar Hukumar Ungogo fiye da yawancin takwarorinta. Tana arewa da birnin Kano, ta kuma zagayo ta yamma har Rijiyar Zaki, ƙafarta ɗaya a birni, ɗaya a karkara. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 360,000 a cikinta, yau kuwa wanda ya bi ta Bachirawa ko Tudun Fulani ya ga yadda gidaje suka cinye gonaki ya san wannan adadi ya zama tsohon labari. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano maƙwabcinta ne, kasuwar hatsi ta Dawanau tana gefenta, manyan motocin da ke nufar Katsina da Daura, har su ƙetare zuwa Maraɗi da Damagaram, ta wannan yanki suke ratsawa. Da safe leburori da 'yan kasuwa da ma'aikata su kwarara cikin birni, da yamma su komo gida. Masu kaji da ƙwai da nono su shiga da kayansu, masu jakuna su fito da takin birni zuwa gonaki kamar yadda aka gada tun kaka da kakanni. Ko a zamanin da ma nan ce ƙofar tsaro, don a Fanisau Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya kafa ribaɗi saboda yaƙin da ke tasowa daga arewa. Abin da zai fita daga birni zuwa ƙauye, ko ya shigo daga ƙauye zuwa birni, alheri ne ko cuta, da wuya ya rasa bi ta irin wannan wuri.

YADDA AKE KARANTA SAWUN

Akwai wata irin ƙwayar cuta da likitoci ke kira bairos, ita ce mai kawo mura da ƙyanda da korona da murar tsuntsaye. Ƙanƙantarta ta kai ga madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya ganinta. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta kuma iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga jikin mutum ko na dabba ta tilasta masa ya riƙa ƙera irinta. Abin da jikin ke bi wajen wannan ƙira shi ne wani dogon rubutu da ke naɗe a cikin ƙwayar, wanda za mu kira kundin halitta. Da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi, ana ta jujjuya su. Kundin ƙwayar korona yana da haruffa kusan 30,000 a jere guda. Na mura kuwa kimanin 13,500 ne, amma a rarrabe yake juzu'i takwas, wannan kuma yana da muhimmanci kamar yadda za mu gani nan gaba.

Ɗaliban ilmi sun san yadda littafi ke yawo kafin zuwan maɗaba'a. Almajiri ya ari littafin malaminsa ya kwafe da alƙalami da tawada, sai ya tsallake kalma ɗaya a shafi na goma bai sani ba. Wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan tsallake, ya kuma ƙara da nasa kuskuren a wani shafin. Bayan shekara hamsin, idan aka tara kofe ashirin daga Kano da Katsina da Zariya aka jera su, mai lura zai iya cewa waɗannan bakwai daga hannu ɗaya suka fito, waɗancan biyar kuma reshensu dabam, wannan ya girmi wancan, ko da kuwa ba wanda ya rubuta sunansa a ƙarshen littafin. To, haka al'amarin ƙwayar cuta yake. Duk sa'ad da jiki ya kwafi kundinta yana iya yin kuskuren harafi, 'ya'yanta su gaji kuskuren, su tafi da shi jikin wanda aka harba na gaba. Idan aka lakato majina daga hancin majiyyata da yawa, aka karanta kundin ƙwayar kowannensu harafi bayan harafi, aka gwama su, sai a iya zana musu salsala kamar ta gidan sarauta.

Har ila yau, kurakuran nan ba da ka suke aukuwa ba, suna da ma'auni. A shekararta ta farko ƙwayar korona takan sauya kimanin harafi biyu a wata. Saboda haka idan kundin wani majiyyaci a Rangaza da na wani a Fagge suka zo daidai ba bambanci, an san cutarsu daga kusa ta rabu. Idan kuwa suka saɓa da haruffa goma sha biyu, an san kakarsu ɗaya ta yi watanni da wucewa, mai yiwuwa ma a wata ƙasa. Watau salsalar tana ɗauke da agogonta. Amma fa a lura, ba ta iya rantsuwa cewa wane ne ya harbi wane, don kullum akwai waɗanda suka kamu ba a gwada su ba. Aikinta nuna hanya, ba kama mai laifi ba.

KAJIN 2006

A watan Janairu na 2006 kaji suka fara mutuwa dubbai a wata babbar gona da ke Jaji a Jihar Kaduna. Aka kai samfuri Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, daga nan aka aika da shi wani ɗakin bincike da ke Padova a Italiya. Ranar 8 ga Fabrairu aka ba da sanarwa cewa murar tsuntsaye ce mai tsanani, irin da ake kira H5N1, wannan kuwa shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Cikin 'yan kwanaki aka tabbatar da ita a gonakin Kano da na Filato, kafin watan ya ƙare kuma ta ɓulla a Magarya cikin Jamhuriyar Nijar, dab da iyaka. Masu kiwon kaji a kewayen Kano ba su manta da wannan lokaci ba. Ma'aikata sanye da fararen kaya suna kashe kaji suna binnewa, diyyar da gwamnati ta fara yankewa Naira 250 ce kan kowace kaza, jama'a kuma suka ƙaurace wa ƙwai da naman kaza har wanda cutar ba ta taɓa gonarsa ba ma ya ji a jikinsa. A Janairun 2007 cutar ta kashe wata budurwa mai shekara 22 a Legas, aka daɗa tabbatarwa ba ta kaji kaɗai ba ce.

Gardamar da aka yi ta yi a lokacin ita ce, ta ina ta shigo? Waɗansu suka ce 'yan fasa-ƙwauri ne suka shigo da 'yan tsaki masu cuta daga ƙetare. Waɗansu suka ce a'a, tsuntsayen ruwa ne masu gudun sanyin Turai da Rasha, waɗanda ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara. Ba gardamar shan iska ba ce, domin kowace amsa da maganinta. In fasa-ƙwauri ne, aikin na kwastan ne. In tsuntsayen daji ne, ko an rufe kowace iyaka cutar za ta komo ta sama, sai dai a koya wa mai kiwo ya raba kajinsa da bakin ruwa.

A watan Yuli na 2006 masana daga Luksambag da Jami'ar Ibadan suka buga abin da suka gano a mujallar kimiyya mai suna Nature. Da suka karanta kundin ƙwayoyin da aka samu a Nijeriya sai suka tarar ba gida ɗaya ba ne, gida uku ne. Har ma gonaki biyu a Jihar Legas, waɗanda ba su da nisa da juna, kowace da irin tata, dukansu kuma sun bambanta da ta arewa. Dukkan ukun jikokin ƙwayar nan ce da ta kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Cinhai na ƙasar Sin a 2005, amma sun rabu tun kafin su iso nan. Ma'anar wannan ita ce ba wata gona guda ce ta jawo wa ƙasa bala'i ba, kamar yadda aka yi ta raɗe-raɗi. Cutar ta shigo ne sau da yawa, ta ƙofofi dabam dabam.

Bincike mafi faɗi ya fito a 2010, inda masanan Vom da na Padova da abokan aikinsu suka karanta cikakken kundin ƙwayoyi 106 da aka tara daga 2006 zuwa 2008, daga jihohi 25 da Babban Birnin Tarayya, watau duk inda cutar ta ɓulla. Salsalar ta nuna maɓuɓɓuga biyu manya da cutar ke malala daga cikinsu zuwa sauran ƙasa: ɗaya a kudu maso yamma inda manyan gonakin kaji suka yi yawa, ɗaya kuma a nan arewa inda tsuntsayen daji ke sauka. Masanan sun karkata ga cewa tsuntsaye masu ƙaura suna da hannu wajen shigo da ita, amma ba su wanke fataucin kaji ba. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai sayar da kaji a kasuwa ya ji. Mun ce kundin mura juzu'i takwas ne. Idan iri biyu suka haɗu a jikin kaza ɗaya sukan yi musanyar juzu'i, a haifi sabuwar ƙwaya mai ɗauke da waɗansu daga nan, waɗansu daga can. An sami irin waɗannan 'yan ruwa biyu a Nijeriya. Iri biyu suna iya haɗuwa a kaza ɗaya idan an haɗa kajin gari da gari a keji ɗaya, ko a mota ɗaya, ko a rumfa ɗaya. Ko da tsuntsun daji ne ya kawo ta ƙofar gida, mu ne muka zaga da ita ɗaki ɗaki.

Cutar ta lafa bayan 2008, sai ga ta kuma a farkon 2015, a Kano da Legas. Nan da nan aka fara cewa ai dama ba ta tafi ba, ɓuya ta yi a ƙauyuka. Kundin ya ƙaryata wannan. Ta 2015 ba jikanyar ta 2006 ba ce, wani reshe ne dabam mai dangi a Asiya, sabuwar baƙuwa ce. Daga baya aka ga irinta a Burkina Faso da Nijar da Gana da Kwaddibuwa. Watau wahalar da aka sha ta kashe kaji da feshin magani a karon farko ba ta tafi a banza ba, an kashe waccan wutar, wata ce aka sake kawowa.

Akwai wani ɗan labari da ya kamata ɗalibanmu su sani. Sa'ad da samfurin arewacin Nijeriya ya isa Padova a 2006, shugabar ɗakin binciken, wata likitar dabbobi mai suna Ilaria Capua, ta sami gayyata ta ajiye kundin a wata rumbun ajiya ta sirri wadda ɗakunan bincike ƙalilan kaɗai ke da mabuɗinta. Ta ƙi. Ta sa shi a GenBank inda kowa ke iya gani kyauta, ta kuma yi kira ga sauran masana su yi haka. Hayaniyar da wannan ya tayar tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa rumbun GISAID, wanda ya fara aiki a 2008, wanda kuma a cikinsa ne duniya ta tara miliyoyin kundin korona daga 2020. Ashe kazar da ta mutu a hanyar Kaduna zuwa Zariya tana da nata rabon a tarihin kimiyya.

AFRILU 2020

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, wani Ba'italiye da ya sauka a Legas. Cikin 'yan kwanaki cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da ke Yaba, ta karanta kundin ƙwayarsa. Shi ne kundin korona na farko da aka karanta a Afirka baki ɗaya. Ba za a ce ƙasar ba ta da gwaninta ko na'ura ba ke nan.

A Kano sai ranar 11 ga Afrilu aka ba da sanarwar mutum na farko. Ranar 16 gwamnatin jiha ta hana fita. Ba a daɗe ba masu haƙar kabari suka fara gaya wa 'yan jarida cewa aiki ya fi ƙarfinsu, kullum sai an ji rasuwar wani dattijo, malamin jami'a ko tsohon ma'aikaci ko attajiri ko limami. Hukumomin jiha suka ce hawan jini ne da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A daidai wannan lokaci ne kuma ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai ke gwajin korona a jihar, ya tsayar da aiki na 'yan kwanaki. Asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe don tsoro, ga zafin bazara, ga azumi ya kama. Ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano na mako biyu, aka kuma turo ayarin likitoci ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo.

A watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana abin da ayarin ya gano. Daga littattafan makabartu an ƙidaya mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, Ungogo kuwa tana cikin takwas ɗin. Ana binne mutum 43 a rana, alhali abin da aka saba 11 ne. Fiye da rabinsu a gida suka cika. Ya ce tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta kashe su ko ta tayar musu da tsohon ciwo. A lura da kalmar "mai yiwuwa". Ba gwaji aka yi wa mamatan ba, iyalansu aka bi ana tambaya, ya yi tari, ya yi zazzaɓi, numfashi ya sarƙe masa? Wannan hanya tana da amfaninta, amma daidai take da tambayar maƙwabta ko sun ji motsi da dare bayan sawu ya riga ya goge.

Mai karatu ya dubi abu ɗaya. Ministan ya ce mutuwar ta fi yawa a mako na biyu na Afrilu, watau makon da aka ba da sanarwar mutum na farko. Korona kuwa takan ɗauki mako biyu zuwa uku, ko fiye, daga kamuwa zuwa mutuwa. In haka ne, hankali yana nuna cewa cutar tana cikin gari tun watan Maris, tana bin sahun salla da zaman makoki da rumfunan kasuwa ba wanda ya sani. Ta Legas ta zo, ko ta Abuja, ko ta filin jirgin sama kafin a hana jiragen ƙetare sauka a ƙarshen Maris? Mutum ɗaya ne ya kawo ta, ko ashirin? Da an lakato hancin ko da kashi ɗaya cikin goma na waɗannan bayin Allah aka adana, da salsala ta amsa. Kada kuma wani ya ɗora laifin a kan gaggauta jana'iza da addini ya umarta. Ɗaukar samfurin nan ba ya buƙatar a yanka gawa ko a jinkirta sutura, ɗan tsinke ne mai auduga a baki, aikin minti ɗaya. Tsinken ne babu, da wanda zai riƙe shi, da inda za a ajiye.

Rashin wannan amsa ya fi cutar da marasa gata. A waɗannan makonni ne gwamnonin arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka cika motoci da yara daga Kano zuwa Kaduna da Jigawa da Bauci da sauransu. Da aka gwada su a can aka sami waɗansu da cutar, sai magana ta bazu cewa almajiran Kano ne ke raba ta. Gwajin asibiti iyakarsa ya ce yaro yana ɗauke da ƙwaya. Ko daga tsangayarsa ya taho da ita, ko a sansanin da aka tsare su ya ɗauka, ko a cikin motar da aka cusa su, ko kuwa garin da aka kai shi ya riga ya kamu ta wata hanya, wannan sai kundi ne ke iya rarrabewa.

Inda aka tara samfuri kuwa an ga amfaninsa. A 2021 masanan Afirka suka haɗu suka buga nazarin kundi 8,746 daga ƙasashe 33 a mujallar Science. Ya nuna cewa a yawancin ƙasashen nahiyar daga Turai cutar ta fara shigowa, ba daga Sin kai tsaye ba kamar yadda jama'a suka ɗauka, sa'an nan daga baya ta koma yawo tsakanin ƙasashen Afirka su da kansu. Ta wannan hanya ce kuma aka gane nau'in da aka sa wa suna Eta, wanda aka fara gani a Nijeriya da Ingila a Disambar 2020, ya kuma bazu a Afirka ta Yamma.

Sai dai ilmin yana da ƙaya. A Nuwambar 2021 masanan Botsuwana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omikron suka sanar da duniya ba tare da ɓata lokaci ba. Sakamakon da suka samu shi ne aka rufe musu ƙofofi. A farkon Disamba Ingila ta sa Nijeriya ma cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga, ta janye bayan kwana tara da ta ga cutar ta riga ta cika gidanta. Inda aka fara ganin ɓarawo ba lalle nan ne garinsu ba, sau da yawa nan ne kawai ake da fitila. Wannan gargaɗi ya hau kan Ungogo ma. Idan aka tsananta gwaji a wata mazaɓa za a fi samun cuta a cikinta, jami'in da bai fahimci wannan ba sai ya hukunta waɗanda suka ba da haɗin kai, gobe kuma su ɓoye majiyyacinsu.

MASHAƘO DA ABIN DA KE GABA

Ba a gama jimamin korona ba sai ga mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 Jihar Kano ce ta ɗauki mafi yawan waɗanda suka kamu a Nijeriya, a cikin jihar kuma Ungogo ce kan gaba, yawancinsu yara waɗanda ba a yi musu allurar rigakafi ba. A shekarar 2023 ɗin cutar ta tsananta a yankin Matamaye na Jihar Damagaram. Mashaƙo ba bairos ke kawo shi ba, bakteriya ce, kundinta kuma ya kai haruffa kusan miliyan biyu da rabi. Amma ta numfashi take yaɗuwa, karatun kuma iri ɗaya ne, har ma da ƙari, don kundinta yana nuna ko tana ɗauke da dafin da ke kisa, da kuma magungunan da suka daina cinta. Abin da mashaƙo ya tabbatar shi ne, irin wannan yanki na bakin birni, mai cunkoson sababbin unguwanni da ƙarancin asibiti, shi ne inda annobar numfashi ke fara samun gindin zama.

To, me ake buƙata? Na'urar karatun ba ita ce babbar matsala ba yanzu. Akwai irin da ba ta fi tafin hannu ba, an yi aiki da ita a Gini tun lokacin Ebola a 2015. Akwai Ede, akwai babban ɗakin gwaji na Hukumar NCDC a Abuja, akwai Vom, a nan gida kuma Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Binciken Cututtuka Masu Yaɗuwa wadda ta shiga gwajin korona a 2020. Tun 2011 ma'aikata ke ɗibar ruwan kwatamin Kano ana neman ƙwayar shan-inna a ciki ana bin salsalarta, saboda haka aikin ba baƙo ba ne a jihar. Ɗalibin da ya iya lissafi da kwamfuta ya kuma san ilmin halittu, ga fage nan a buɗe, don tara haruffan ya fi sauƙi a kan fassara su.

Inda gizo ke saƙar shi ne matakin farko, wanda ke hannun ƙaramin ma'aikaci. Kundin bairos ba ya jure zafi, samfurin da ya yini a aljihun babur cikin ranar Afrilu ya lalace. Yana buƙatar kwalbarsa mai ruwan adanawa, da akwatin ƙanƙara, da man da zai kai shi birni a ranar. Yana kuma buƙatar takarda mai ɗauke da kwanan watan da ciwo ya fara, da mazaɓa, da inda majiyyaci ya je cikin mako biyun da suka wuce. Kundin da aka rubuta masa "Kano" kawai, ba rana ba unguwa, ba ya iya bambanta Gayawa da Sabon Gari, balle ya nuna wace ta riga wace. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, amma a ganinmu ba daidai ba ne a jira sai annoba ta ɓarke sa'an nan a fara rubuta takardar neman kuɗin mansa. Haka kuma ya kamata likitan dabbobi da na mutane su riƙa ganin rahoton juna, tun da mai kiwon da kajinsa suka mutu jiya shi ne zai zo asibiti da tari gobe.

Lokacin shiri ma sananne ne. Murar tsuntsaye ta 2006 a Janairu ta fara, ta 2015 a farkon shekara aka gan ta, haka kuma wadda ta sake ɓulla a Kano a 2021. Duka cikin hunturu ne, sa'ad da baƙin tsuntsaye suka cika fadama, ƙura ta cika hanci, mutane kuma suka rufe tagogi suna kwana a cunkushe. Tsinken auduga da kwalabe da akwatunan ƙanƙara ya kamata su isa ɗakunan shan magani na mazaɓu goma sha ɗaya na Ungogo, daga Karo zuwa Kadawa, tun watan Oktoba.